Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Sadiƙu Kan Kambun Kyaftin Da Makullin Shago

Tudun Wada, Kaduna.

Ya kai ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta sanar da ni cewa abokan wasanka sun zaɓe ka kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantarku a Zariya, kuma na yi murna ƙwarai. Labarin ya zo daidai lokacin da nake shawarar danƙa maka makullin shagonmu na Kasuwar Barci da zarar ka kammala karatu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta maka, domin a ganina kambun da aka ɗaura maka a damtse da makullin da zan ba ka nauyi iri ɗaya suke ɗauke da shi.

Ba a haife ka ba a 1996, lokacin da muka kwana gaban talabijin muna kallon wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik tsakanin Najeriya da Brazil a Amurka. An tafi hutun rabin lokaci ana cin mu 3 da 1, har wasu daga cikin waɗanda muke kallo tare suka tashi suka tafi gida. Victor Ikpeba ya rama ɗaya, sannan kyaftin Nwankwo Kanu, wanda a lokacin yake bakin cika shekara 20, ya farke ana dab da tashi, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe da Ajantina, wanda muka ci 3 da 2, 'ya'yan Kaduna biyu ne suka zura ƙwallayenmu biyu na farko, wato Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, ga kuma Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. Mutane suna tuna ƙwallayen, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙungiyar ba ta watse ba a mintunan da ake cin ta. Idan ana nasara kowa kyaftin ne, amma idan aka zura muku biyu a raga, 'yan baya suka fara nuna wa mai tsaron gida yatsa, to a nan ne mutum goma za su ɗaga ido su dubi fuskarka, kuma abin da suka gani a kanta shi za su buga da shi.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. Shekarun baya an kawo mana dilar atamfa wadda ba ita muka yi oda ba, kuma ni ne na yi kuskure wajen faɗar lambar zanen ta waya. Saboda girman kai sai na ɗora laifin a kan babban yaron shagona, na yi masa faɗa a gaban abokan ciniki da maƙwabta. Bai ce mini uffan ba. Bayan wata biyu ya nemi in sallame shi, ya buɗe nasa shagon a wani layi, kuma matan da suka saba saye a hannunsa suka bi shi, domin shi ne ya san wadda take son ruwan goro da wadda za ta biya bashi a ƙarshen wata. Asarar dilar na mayar da ita cikin 'yan makonni, amma shi har yau ban sami kamarsa ba, sauran yaran kuma sun daɗe suna ɓoye mini kowane ƙaramin kuskure, har sai ya girma ya fi ƙarfin gyara. Hausawa da suka ce babba juji ne ba su faɗa don ado ba.

Akwai wani abu kuma da nake so ka lura da shi a tarihin marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗauki Kofin Afirka a matsayin kyaftin a Tunisiya a 1994, ya sake ɗaukarsa a matsayin koci a Afirka ta Kudu a 2013. Ya tafi gasar da 'yan wasa shida masu buga ƙwallo a gida, ana ta sukarsa cewa ya bar fitattu ya kwashi waɗanda ba a sani ba. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ne ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Kyaftin ɗin tawagar, Joseph Yobo, ya yi mafi yawan gasar a benci, sai dab da tashi aka sako shi a wasan ƙarshe, kuma shi ya ɗaga kofin. Ka auna wannan da kanka. Ranar da koci zai ajiye ka ya sa wanda ya fi ka kuzari tana nan tafe, kuma yadda ka zauna a bencin nan zai koya wa ƙananan 'yan wasa abin da dogon jawabi ba zai koya musu ba. Haka ma a shago, za ka tarar da yaron da bai yi boko ba amma ya fi ka sanin haja da halin dillalai. Ka ba shi dama, ka yaba masa a gaban jama'a, gyara kuma ka ja shi gefe.

Sauran abubuwan ƙanana ne a baki, sai dai a kansu ake gane mutum. Ka riga kowa zuwa atisaye, kamar yadda za ka riga kowa buɗe shago. Kai ne za ka yi magana da alƙalin wasa cikin ladabi, kada ka bari zafin rai ya jawo maka jan kati ka bar mutanenka su goma a fili. Kuɗin ƙungiya, ko na ruwan sha ne da na mota, ka rubuta shi a littafi inda kowa zai gani, domin na ga abokantaka ta shekara ashirin ta mutu a kasuwa saboda lissafin da ba a rubuta ba. Haƙƙin yaran shago kuwa ana fitar da shi kafin mai shago ya taɓa riba, ko da ciniki ya yi sanyi. Ka san hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Idan an ba ku hutu ka zo ka zauna da ni a shago ko na mako biyu ne, in nuna maka littafin bashi da mutanen da muke hulɗa da su a Kantin Kwari. Ka kuma aiko mini da ranar wasanku na gaba, domin in Allah ya yarda zan shigo mota in zo Zariya in gani da idona. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.