A Sa Ido Kan Jirage Marasa Matuƙi A Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin hukuma kan masu ɗaukar hoton biki da tallan filaye da ke tayar da jirage marasa matuƙi ba izini.

Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake; Fagge, Sabon Gari da Kurna duk maƙwabtansa ne. Jirgin fasinja mai shirin sauka ƙasa-ƙasa yake tafiya, matuƙinsa kuma ba zai hango ɗan abin da bai kai kilo ɗaya ba. Batirin litiyam da ƙarfen ƙananan injinan jirgi mara matuƙi, in suka faɗa injin jirgin fasinja, sun fi tsuntsu ɓarna. Ga zafin bazara da ke saurin gajiyar da batir, ga rodin gine-gine da ke rikita kamfas mai nuna alƙibla, sai na'urar ta ƙwace daga hannun mai ita ta yi inda ta ga dama.

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashi ba izini. Mai bin ƙa'ida sai ya yi rajista, ya samu tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ba ya kuma wuce ƙafa 400 a sama. Wannan duk kuɗi ne da jira. Wanda ya sayo nasa jiya sai ya karya farashi ya kwashe aikin, don bai biya komai ba. Ina adalci a nan?

A sauƙaƙa rajista ga ƙananan masu sana'a, masu ɗakunan taro kuma su riƙa neman takardar izini kafin a tayar.

Daga wani mai ɗaukar hoto, Kano.