Wasiƙa kan dawakan Assateague da ke ƙetare ruwa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga tambayar da yaran suka dame ka da ita tun da kuka kalli fim ɗin Misty na 1961: shin da gaske dawakan daji na ƙetare ruwa da iyo? Ka ce musu gaskiya ne, har gobe ana yi. An ɗauko fim ɗin daga littafin yara na Marguerite Henry na 1947, amma al'adar ta girme shi.

Dawakan suna zaune a tsibirin Assateague, a gaɓar gabashin Amurka, tsakanin jihohin Maryland da Virginia, an raba su da shinge a kan iyaka. Garken Virginia mallakar 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin Chincoteague ne, kuma izinin kiwon da gwamnati ta ba su bai wuce manyan dawaki kusan 150 ba. Dalilin bikin ƙetare ruwan ke nan. In aka bar su suna ta haihuwa, ciyawar ba za ta ishe su ba, shi ya sa tun 1925 ake rage dukusai kusan duk shekara, kuɗin ya shiga aikin kashe gobara da kula da garken.

Ga yadda ake ƙetarar da su daga Assateague zuwa tsibirin Chincoteague. A makon ƙarshe na Yuli mahaya suna koro su cikin garka, likitan dabbobi ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Goɗiya mai tsohon ciki, da dukushin da bai yi ƙwari ba, da doki tsoho, ba sa shiga ruwa, a mota ake kai su. Ranar Laraba sai a jira lokacin da teku ta gama cika ba ta fara janyewa ba, ko ta gama janyewa ba ta fara dawowa ba. Nan ne duk hikimar take, domin a wannan ɗan tsakanin ruwan ba ya gudu. In aka sake su yana da ƙarfi, zai iya jan dukushi ya raba shi da uwarsa. Iyon kansa 'yan mintoci ne, kawunansu kawai ake gani a saman ruwa, ƙananan suna manne da iyayensu. Alhamis a yi gwanjon dukusai, Juma'a manyan su koma Assateague da iyo.

Ka lura da cikinsu a fim ɗin, kamar a kumbure. Ba ƙiba ba ce. Ciyawar fadamar da suke ci gishiri gare ta, don haka suna shan ruwa kusan ninki biyu na dokin gida, kuma rashin ƙarfin abincin ne ya sa ba su da tsayi. Fadamar ma tana da nata sharrin: a 2018 wata cuta da ke shiga ta rauni a ƙafa daga ruwa mai kwanciya ta kashe wasu daga cikinsu, har aka koma yi musu allurar rigakafi.

Abin da na fi so ka jaddada wa yaran shi ne, dokin da ya tashi a daji ba ya sabawa da mutum a kwana biyu. Ita Misty ta gaske ma, goɗiyar da aka yi labarin a kanta, a gonar mutane aka haife ta a 1946. Dukushi sai ya saba da muryarka da hannunka tukuna kafin ragama, sirdi kuwa sai ƙashinsa ya yi ƙwari, bayan shekaru. A tsibirin, doka ta ce a tsaya nesa da su da mita 12, kada a ba su abinci, saboda suna cizo da harbi, kuma abincin mutane na jawo musu ciwon ciki mai kisa.

Ka gaishe min da uwargida da yaran duka. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.