Malam Edita, aradu daban tsawa daban

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Abin da malamin Turancinku ya yi a shirinku na rediyo ranar Asabar ne ya hana ni sukuni, sai da na ɗauki biro. Yarinyar nan da ta bugo waya tana tambayar ma'anar thunderbolt, ya ce mata "tsawa", ya wuce abinsa. Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Sai ya dawo yana dariya, wai ai Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga duk abin da ke faruwa a cikin hadari. Wane Bahaushen? Na wace unguwa?

Walƙiya ita ce hasken da ido ke gani. Cida ita ce gurnanin hadari daga nesa, wanda mata ke ji su fara kwashe shanya. Tsawa ita ce ƙarar da ke fashewa a bisa kanka. Aradu kuwa ita ce mai faɗowa, ta tsaga itace, ta ƙone ɗaki, ta kashe. Ga kuma kwarankwatsa, wadda sunanta ma kaɗai ya isa. Biyar ke nan, ban buɗe ƙamus ba. Na sani mutane kan ce tsawa ta faɗa wa wane, ni ma bakina yakan faɗa. Amma wannan hirar bakin titi ce. Wanda aka ba lasifika ya koyar da yara bai kamata ya ɗauki mafi sauƙi ya jefa musu ba, balle ya ɗora wa harshen talauci.

Ni aradu ba labarinta na ji ba. Ina aji biyar a firamare, gero ya fara fid da kai, muna gona ni da yayana da Baba, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Da yayyafi ya fara muka ruga gindin wata tsamiya da ke kan iyaka, inda maƙwabcinmu ya ɗaure awakinsa uku. Baba ya daka mana tsawa, ya ce mu bar gindin itacen nan tun bai iso ba. Muka fito muna ƙunƙuni, ruwa na dukanmu. Ba mu kai ƙarshen kunya ba sai duniya ta yi fari fat. Wallahi ban ma ji ƙarar ba, kunnena ne kawai ya toshe, na tsinci kaina a durƙushe cikin taɓo, ga wani ƙauri a hanci. Da muka waiwaya, tsamiyar ta tsage tun daga sama, ɓawonta ya watse har inda muke, awakin nan uku suna kwance ko ɗigon jini babu. To Malam Edita, a ranar tsawa biyu na ji, ta Baba da ta sama, babu wadda ta kashe akuya. Aradu ce ta kashe su.

Washegari na ga tsofaffi suna tona gindin tsamiyar, wai suna neman gatarin aradu. Wannan fa shi ne abin da malaminku ya kamata ya gaya wa yarinyar, don a nan daɗin kalmar thunderbolt yake. Rabinta na biyu, wato bolt, asalinsa gajeriyar kibiya ce mai kauri da Turawan da suke harbawa da wani irin baka. Ashe su ma sun ɗauka wani abu ake harbowa daga sama, kamar yadda Girkawan da suke zana gunkinsu Zeus riƙe da ita zai jefa. Mu muka ce gatari, su suka ce kibiya. Duwatsun nan masu baki da ake tsinta a ce gatarin aradu ne kuwa, masana sun ce gatura ne da mutanen zamanin dutse suka sassaƙa. Abin da ke faɗowa wutar lantarki ce, tana zafafa iskar da ta ratsa har kusan digiri 30,000, iskar ta buɗe da ƙarfi, wannan buɗewar ce tsawar da muke ji. Haske kuwa ya fi ƙara sauri, shi ya sa yake riga ta isowa. Idan ka ƙirga daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa, abin yana nesa da kai kamar kilomita ɗaya. Shekara talatin ina koya wa 'yan aji shida wannan.

Sai kuma ya zo kan misalinsa, inda ya ƙara ɓata rawarsa da tsalle. Jimlar da ya kawo ta mutumin da labarin korarsa daga aiki ya zo masa kamar thunderbolt, ya fassara ta da "labarin ya zo masa kamar tsawa". Haba! Duk Bahaushen da ya ji haka zai ɗauka faɗa aka yi wa mutumin, don a wajenmu tsawa ta aro ita ce ta uba ga ɗansa, daga nan ma aka sami tsawatarwa. Alhali ga magana nan a bakin kowa: labarin ya zo masa kamar saukar aradu. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan. Muna cewa wane ya tari aradu da ka. Muna rantsuwa da ita, ko da yake malamai sun hana. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta, ga Suratur Ra'ad nan, sura ta 13.

Kuma ba kullum kalmar Turancin ke nufin mummunan labari ba. Masu sharhin ƙwallo suna kiran bugu mai ƙarfi da ita, kuma saboda irin wannan bugun ne aka yi wa Teslim Balogun laƙabi da Thunder, wanda wani filin wasa a Surulere, Legas, ke ɗauke da sunansa. Jikana ya nuna mini wata kafa a jikin kwamfutarsa mai alamar walƙiya, ya ce sunanta Thunderbolt, saboda sauri. A nan ko aradu ba ta dace ba, Bahaushe "kamar walƙiya" zai ce. Yanzu yarinyar nan in ta ci karo da kalmar a jarrabawa, me za ta rubuta? Tsawa a jikin kwamfuta?

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in faɗi wannan ma. Tallar mai maganin basir ɗin nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin, don Allah ku duba ta. Da jikokina nake saurare, kuma kalmomin da yake furtawa ba na zaure ba ne, balle tsakar gida. Sau biyu ina miƙa hannu in rage murya, kafin in ƙara malamin ya yi nisa.

Ina roƙo a karanta wasiƙar nan a cikin shirin, ba tare da an yanke ba, kuma shi malamin da bakinsa ya gyara wa yarinyar ranar Asabar mai zuwa. Rediyona na kunne.

Wassalam.

Naku mai saurare,
Tsohon malamin firamare, daga Funtuwa