Wasiƙa zuwa ga Malam Habu a birnin New York

Assalamu alaikum, Malam Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin can, yaya kuma kasuwa? Na ji daɗin labarin cewa gidan abincin ya kafu har kuna shirin fara karɓar kwangilar girkin biki, Hajiya kuma za ta riƙa yin kek. Allah ya sa albarka, ya kawo masu saye.

Ka yi tambaya a kan abin da wani ya faɗa maka a masallaci, wai a Amurka akwai dokar 'yancin addini da ta ba ɗan kasuwa damar ya ƙi yi wa masu auren jinsi aiki. Ka sa wannan magana a gefe tukuna, domin a inda kake zaune za ta iya jawo maka asarar dukiya. Dokar tana nan, amma inuwarta ba ta kai shagonka ba.

Asalinta wata shari'a ce ta 1990 daga jihar Oregon. An kori wasu mutum biyu daga aiki saboda sun sha wani tsiro mai sa maye a wurin ibadar 'yan asalin ƙasar, aka kuma hana su kuɗin tallafin marasa aiki. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Scalia, ta ce muddin doka ta shafi kowa da kowa, ba a yi ta don cin zarafin wani addini ba, to mai addini ma dole ya bi ta. Hukuncin ya tayar da hankalin Kiristoci da Yahudawa da Musulmi har da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Sai majalisar tarayya ta yi dokar maido da 'yancin addini da ake kira RFRA a 1993, sanatoci 97 suka amince, 3 kawai suka ƙi, Shugaba Clinton ya sa hannu. A lokacin ba maganar kek ko biki ake yi ba, ƙananan addinai ake son karewa.

Yadda take aiki a gaban alƙali hawa-hawa ne. Mai ƙara zai fara nuna cewa da gaske ya yi imani da abin da yake faɗa, sannan ya nuna gwamnati ta ɗora wa ibadarsa nauyi mai yawa. In ya tsallake waɗannan, sai nauyi ya koma kan gwamnati: ta kawo babbar maslahar da take karewa, ta kuma tabbatar babu wata hanya mafi sauƙi ta cim ma wannan maslaha. Da irin wannan ma'auni, ƙarƙashin wata doka 'yar'uwarta ta 2000, wani fursuna Musulmi a Arkansas ya ci nasara a 2015 aka bar shi ya ajiye gemu mai tsawon rabin inci. Ka ga dokar tana da amfani a gare mu, ba na raina ta.

Matsalar ita ce a 1997 Kotun Ƙoli ta ce RFRA ta tarayya ba ta hau kan jihohi ba. Kowace jiha sai ta yi tata, kuma sama da ashirin sun yi, amma New York ba ta cikinsu. Dokar da za a kama ka da ita kuwa ta jiha ce da ta birni. Dokar tarayya ta 1964 ta hana otal da gidan abinci da sinima korar mutum saboda launin fata, addini ko ƙasar asali, ba ta ambaci 'yan luwaɗi da maɗigo ba. Jihohi kusan rabi ne suka ƙara su a nasu jerin, New York ta yi hakan a 2002. A birnin da kake, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam na iya cin tara har dala 125,000, in ta ga ganganci ne ta kai 250,000, ban da diyyar wanda aka kora da kuɗin lauya.

Akwai misali a jiharku. Wasu ma'aurata masu gona kusa da Albany suna ba da hayar wurin biki. Mata biyu suka nemi wurin a 2012, aka ce musu a'a ta waya. A 2014 aka yanke wa masu gonar dala 13,000, dubu goma tara, dubu uku diyya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 2016. A Oregon an fara yanke wa wasu masu kek dala 135,000 kafin daga baya a rage zuwa 30,000, bayan shekaru ana jeka-ka-dawo a kotu kuma shagon ya riga ya rufe.

Babbar hayaniyar da ta sa mutane suke haɗa RFRA da wannan batu a Indiana aka yi ta. Gwamna Mike Pence ya sa hannu a dokar jihar ranar 26 ga Maris 2015, watanni uku kafin Kotun Ƙoli ta halasta auren jinsi a duk ƙasar. Dokar ta bambanta da ta tarayya a wurare biyu. Ta lissafa kamfanoni ƙarara cikin masu iya da'awar addini, sannan ta ce ana iya kafa hujja da ita ko da gwamnati ba ta cikin shari'ar. Wannan na biyun ba a banza aka sa shi ba. A New Mexico wata mai ɗaukar hoto ta faɗi a 2013, domin kotu ta ce RFRA ta jihar ba ta aiki a rigimar mutum da mutum, sai 'yan majalisar Indiana suka toshe wannan kafa. Nan take shugabannin Apple da Salesforce suka fito suka soki dokar, hukumar wasannin jami'o'i da hedikwatarta ke Indianapolis ta nuna damuwa, wasu gwamnoni suka hana ma'aikatansu tafiye-tafiyen aiki zuwa jihar. Bayan mako guda, ranar 2 ga Afrilu, aka yi gyara cewa dokar ba ta ba kowa izinin hana wani kaya ko aiki ko gida saboda wannan dalili ba. A Arizona ma Gwamna Jan Brewer ta ƙi sa hannu a irinta a 2014.

To a irin wannan rigima ta ɗan kasuwa da masu biki, ina mai addini ya taɓa yin nasara? Sau biyu a Kotun Ƙoli, kuma duka biyun ba da RFRA ba.

Na farko Jack Phillips ne, mai kek a Colorado. A 2012 maza biyu suka zo neman kek ɗin aure, ya ce zai sayar musu da na zagayowar ranar haihuwa ko biskit ko duk abin da ke kan kanta, amma ba zai tsara na aure ba. A 2018 alƙalai bakwai cikin tara suka soke hukuncin da aka yi masa. Dalilinsu shi ne hukumar jihar ba ta yi masa adalci ba: wata mamba ta kwatanta hujjarsa da yadda aka fake da addini wajen bauta da kisan Yahudawa, sannan hukumar ta wanke wasu masu kek uku da suka ƙi rubuta kalaman sukar luwaɗi da wani ya nema. Kotu ba ta ce yana da 'yancin ƙin yi ba, ta ce dai a saurare shi ba tare da ƙyamar addininsa ba. Mutane da yawa a nan suke yin kuskure. Kuma bayan hukuncin hukumar ya daina kek ɗin aure gaba ɗaya, ya ce hakan ya cinye masa kusan kashi 40 cikin ɗari na cinikinsa.

Na biyu ya fi faɗi. Lorie Smith, ita ma a Colorado, mai tsara shafukan intanet ce. Ranar 30 ga Yuni 2023, alƙalai shida a kan uku suka ce jiha ba za ta tilasta mata ƙirƙirar shafin bikin da saƙonsa ya saɓa wa imaninta ba. Da 'yancin faɗar albarkacin baki ta ci, kuma abin da ya sauƙaƙa mata shi ne ɓangarorin biyu sun amince tun farko cewa aikinta magana ce da take tsarawa da kalmomi da hotuna, kuma tana yi wa kowa sauran ayyuka ba tare da duba ko wane ne ba. Kotun Ƙolin Birtaniya ma kusan nan ta tsaya a 2018 kan wani gidan burodi a Belfast da ya ƙi rubuta taken goyon bayan auren jinsi a kan kek: saƙon suka ƙi, da wani ne ya kawo shi ma da sun ƙi.

Yanzu ka auna kayanka a wannan sikeli. Farantin dafa-duka da gasasshen rago da sinasir ba su ɗauke da wani saƙo, tiren da ka kai suna shi ne za ka kai biki. Da wuya wani alƙali ya kira shi magana. Kek ɗin Hajiya in na kan kanta ne, hukuncinsa ɗaya da burodi. Wanda aka ce ta rubuta wasu kalmomi ko ta ɗora wani zane a kai shi ne kaɗai ya matso kusa da hukuncin 2023, kuma ko shi sai an je kotu an fafata, da kuɗinku.

Abin da doka ta bar maka a fili shi ne zaɓen abin da kake sayarwa. Ba ka dafa alade, ba ka raba giya, babu mai tilasta maka, domin kowa ka hana. Za ka iya cewa ba ka zuwa wurin taro da ma'aikata, sai dai a zo a ɗauki abinci a shago. Za ka iya cewa ba ku rubutu a kan kek sai suna da kwanan wata. Har kwangilar biki za ka iya barinta ɗungurungum ka tsaya kan suna da walima da taron ofis. Sharaɗin guda ne, ƙa'idar ta hau kan kowa. Ku zauna kai da Hajiya ku rubuta ta a takarda tun kafin wani ya shigo, ku karanta wa yaran shago, domin abin da mai ɗaga waya ya faɗa kai za a tambaya.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne dabarar "ai ranar a cike take". Hukumar birninku tana aika mutane su gwada shaguna, kuma ko ba ita ba, abokin wanda ka kora zai iya kira bayan minti goma ya nemi wannan ranar. In aka ba shi, hujja ta kammala. Haka liƙa sanarwa a ƙofa ko a Facebook cewa ba a yi wa su wane aiki, wannan kansa laifi ne ko ba ka kori kowa ba. In kuma takardar ƙorafi ta zo, tana da wa'adin amsa, ka kai wa lauya kafin ka kira kowa ko ka rubuta wani abu. Liman kuwa daban ne. Dokar auren jinsi ta New York ta 2011 ta keɓe malaman addini da wuraren ibada, ba za a sa shi ɗaura auren da bai yarda da shi ba. Shago mai lasisin kasuwanci da ƙofarsa ke buɗe ga jama'a ba ya samun wannan rangwame.

Na san abin zai yi maka banbaraƙwai, domin a gida dokar da Jonathan ya sa wa hannu a farkon 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya taimaka ko ya yi shaida. A can akasin haka ne, kuma wanda ya je da lissafin gida zai sha mamaki. 'Yan tasi Musulmi a filin jirgin Minneapolis sun gani, lokacin da wasunsu suka riƙa ƙin ɗaukar fasinja mai riƙe da kwalbar giya. A 2007 hukumar filin ta sa dakatarwar kwana 30 a karon farko, shekara biyu a na biyu.

Ni a ganina kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro, kuma tsoron na gaske ne. Masu addini suna cewa bai dace mutum ya zaɓa tsakanin sana'arsa da imaninsa ba, alhali ga wasu shaguna a gaba masu son kuɗin. Ɗaya ɓangaren suna cewa a ƙaramin gari ba lalle a samu shagon gaba ba, kuma wulaƙancin korar ba ya gogewa don an samu kek a wani wuri. Suna kuma tuna wa mutane wani mai gidajen gashin nama a South Carolina da ya ce addininsa ya hana shi zaunar da baƙaƙe da farare wuri ɗaya, hujjar da Kotun Ƙoli ta ce a 1968 ba ta kai a tsaya a kanta ba. Wannan ya shafe ka kai tsaye. Kai baƙi ne, Musulmi, baƙo, matarka da hijabi. Layin dokar da ya hana ka korar wancan shi ne ya hana mai otal a wani ƙauye ya dubi Hajiya ya ce imaninsa bai yarda ya ba ta ɗaki ba. Shi ya sa nake ganin rabewar da kotu ta yi tsakanin mutum da saƙo ta fi RFRA ta Indiana aminci gare ku, ko da yake wurin da layin ya ratsa, kamar mai furanni da mai kiɗa da mai hoto, har yanzu ana ta shari'a a kai.

Maganar ko sayar da abincin halal ga irin wannan taro ya halatta a addini, wannan fatawa ce, ka kai wa malaman da suka san zaman can. In sun ba ka amsa, sai ka tsara jerin ayyukan shagon a kanta, lauya ya duba takardar kafin ku buga talla.

Ka gaishe da Hajiya da yara, da duk mutanen Zango na wajenku. Mutanen gida duk suna lafiya, suna kuma gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini,
Garba