Haihuwar Wata Daban, Ganinsa Daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani kan wani kuskure da ke tayar da gardama duk ƙarshen Sha'aban da Ramadan, wato ɗaukar cewa da zarar lissafi ya nuna an haifi wata, to za a gan shi a wannan yammacin.

Haihuwar wata ita ce lokacin da ya zo tsakanin duniya da rana. A wannan lokacin gefensa mai duhu ne ke fuskantarmu, babu idon da zai gan shi. Daga haihuwa zuwa haihuwa, a matsakaici, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa wata yake yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta kan yi kwana 354 ko 355. Wannan lissafin ba ya kuskure, domin da shi ake faɗin mintin da za a yi husufin rana tun shekaru kafin ya faru.

Gani kuwa yana da sharuɗɗa. Wata yana nisantar rana da kusan digiri 12 a kwana ɗaya, kuma tun shekarun 1930 masanin Faransa André Danjon ya nuna cewa idan tazararsu ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjirin bai samu hasken da ido zai kama ba. Jinjiri mafi ƙuruciya da aka tabbatar an gani da ido zalla ya ɗan haura awa 15 da haihuwa. Amma awannin kaɗai ba su isa hujja ba. Dole a duba tsayinsa daga ƙasa lokacin faɗuwar rana, da kuma mintocin da zai yi a sama bayanta. Idan bai kai minti 30 ba, jan sararin magariba zai haɗiye shi. Idan kuwa ya riga rana faɗuwa, to babu abin dubawa sam.

Mai duba ya nemi fili mai buɗaɗɗen yamma, ya isa kafin rana ta faɗi, ya lura da daidai inda ta nutse. Ya miƙe hannu sosai: dunƙulen hannu yana rufe kusan digiri 10. A cikin dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi sama da wurin zai nema, bayan minti 15 zuwa 20. Kada a ɗora madubin hangen nesa a ido sai rana ta ɓace gaba ɗaya, domin tana makantarwa.

Mutumin kirki mai gaskiya ma yakan ruɗu. Tauraruwar Zara, siririn gajimare da rana ta haska daga ƙasa, ko hayaƙin jirgin sama, duk sun sha yaudarar ido. Saboda haka a tambayi mai shaida: ƙarfe nawa ka gani, ta wane gefen mafaɗar rana, ƙahonnin ina suka fuskanta? Gefen jinjiri mai haske, wato wanda ya turo waje, kullum yana kallon rana ne, ƙahonnin su ba ta baya.

Kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ma a fahimce ta. Sharaɗinta shi ne a haifi wata kafin faɗuwar rana a Makka, kuma ya faɗi bayanta ko da minti ɗaya ne. Wannan bai tabbatar da gani ba. Haka girman jinjiri a daren farko bai nuna an makara ba, domin wanda aka kasa gani yana da awa 12, gobe yana da 36.

Roƙonmu ga kwamitocin duban wata shi ne su riƙa fitar da waɗannan alƙaluma kwana biyu kafin yammacin ranar 29 ga wata, su kuma tace kowace shaida da su kafin a sanar da jama'a.

Daga wasu masu nazarin ilmin falaki.