Gaisuwar Kirsimeti daga Ingila

Zuwa ga Baba da Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Barkanmu da Kirsimeti, Ubangiji ya maimaita mana. Nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe.

Bana ba a cikin Kambirij na yi sujada ba. Wata abokiyar aikina ta kai ni cocin ƙauyensu, Swaffham Prior, inda majami'u biyu ke tsaye a fili ɗaya. A cikin ta St Mary akwai tagogi uku na gilashi mai launi, waɗanda aka sa bayan yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918, don tunawa da 'yan ƙauyen da suka tafi ba su dawo ba.

Baba, na zaci mala'iku da manzanni zan gani. Ashe tankar yaƙi ce, ga jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, ga wani dogon jirgin sama mai kama da balan-balan da suke kira Zeppelin. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne na matan da ke jera harsasan igwa a masana'anta, don su ma an lissafa su cikin waɗanda suka sha wahalar yaƙin. Kowane hoto da ayar Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashinsa. Gaskiya wannan bai kwanta mini ba, ayar Allah a gindin tanka, ga shi muna waƙar haihuwar Sarkin Salama. Taga ta uku ce ta zaman lafiya, noma da girbi.

Amma mutanen nan ba sa yar da matattunsu. Da wuya ka shiga cocin ƙauye ba ka ga sunayen sojojinsu a bango ba. Mu fa? Ƙanen Kaka da Turawa suka ɗauka zuwa yaƙin Bama bai dawo ba, ni ko cikakken sunansa ban sani ba. Don Allah, Baba, ka tambayi Gwaggo tun tana da ƙarfin tunawa, a rubuta mini sunansa da shekarar da ya tafi.

Na aiko da kuɗin shinkafa da kaji ta hannun Yaya. Inna, a ci nawa rabon cincin ɗin. A gaida Fasto da matan zumunta da duk mutanen Wusasa.

Taku,
Auta