Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Kano Kan Dokar Gwajin Jini Kafin Aure

Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, uwa ce ke rubuto maka, wadda take jinyar ɗa mai sikila. Ni da mahaifinsa duk AS ne, wato muna ɗauke da ƙwayar sikila a jininmu amma ba mu da ciwon, kuma ba mu sani ba sai da yaron ya fara kwana yana kukan ciwon ƙashi. A ranar muka ji daga bakin likita cewa duk cikin da muka samu, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila.

Shi ya sa da ka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024, na yi hamdala. Yanzu ba a ɗaura aure sai an duba ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila.

Ranka ya daɗe, dokar nan ta sami shiga ne saboda jama'a sun riga sun yi mata share fage. Tun auren zawarawa na 2012, Hukumar Hisba take sa a yi gwaji, har ga ma'aurata 1,800 da gwamnatinka ta aurar a 2023. Malamai sun yi ta bayani a kan mumbari, iyaye sun ga amfanin abin da idonsu. Dokar kuma ta ƙara wa mutane ƙarfin gwiwa: uban da a da yake jin nauyin ce wa mai neman 'yarsa ya kawo sakamako, yau sai ya ce doka ce. Akasin haka, ka dubi hana bara a titi, wanda aka shelanta a 2020. Har yau almajirai suna nan a kan danja, domin ba a taɓa dalilin da ya fito da su ba.

Damuwata ita ce lokacin da ake yin gwajin. Yawanci sai an sa rana, an kai lefe, an raba goro da katin biki, sannan a tafi asibiti. A wannan gaɓar wa zai iya cewa a fasa? Daga nan ake fara neman takardar bogi, ko a roƙi liman ya kau da kai. Tsoron tara ko ɗauri ba ya hana wannan, kunyar idon dangi ta fi shi ƙarfi.

Ina roƙonka a riƙa gwada jinin sikila tun yara suna makarantar sakandare da islamiyya, kowa ya san nasa kafin zuciya ta kamu. A sauƙaƙa kuɗin gwajin a ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 44, kada ɗan ƙauye ya sha doguwar tafiya. Sannan a tsare sirrin wanda sakamakonsa bai yi daɗi ba, musamman 'ya mace, wadda surutun unguwa kan hana ta wani manemin.

Allah Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wata uwa daga cikin birnin Kano